Tukwici a Cikin Kula

'Yan uwa masu bibiyar labarina, sallama gare ku. Yau ba da sanyin rai na zo ba, don haka duk wadda ta shirya ce min in yi haƙuri, ta riƙe abinta. Shekara biyu ina yin sa, na san ɗanɗanonsa.

Ga wadda yau ta fara shigowa: sunana Nuriyya, gidanmu na Limawa a nan cikin Minna, cincin da kek nake yi ina kai wa shaguna. Taufiq kuma shi ne wanda na shekara biyu ina yi wa kallon mijin aure. Gyaran waya yake yi a wani ɗan shago kusa da shataletalen Mobil. Dogo ne, ya iya sa shadda, ga baki kamar an shafa masa zuma. Abu ɗaya ne bai iya ba, sa hannu a aljihu.

Babana, Malam Dabo, tsohon ma'aikacin reluwe ne. In ya ce ƙarfe huɗu, to ƙarfe huɗun yake nufi, ba huɗu da kwata ba. Watan jiya ya kira ni zaure ya ce, “Nuriyya, ba ni na zaɓa miki shi ba, ke kika kawo shi. Amma zaman benci a ƙofar gidana ya isa haka. Kafin azumi ya turo magabatansa, ko kuma ya ba wasu wuri.”

Da na faɗa wa Taufiq, cewa ya yi kuɗin gaisuwa yake haɗawa, saura kaɗan. Kullum saura kaɗan. Ga azumi ya matso har ana ƙirga kwanakinsa da yatsun hannu ɗaya, ni kuma duk safiya in na durƙusa gaida Baba sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A haka ranar masoya ta zo, ta faɗo Asabar. A gidanmu ko sunanta ba a kira, Mama cewa take bikin da ba namu ba ne. Amma ku faɗi gaskiya, wace ce a cikinku ba ta son ta ga an tuna da ita ranar? Ranar Alhamis saƙonsa ya shigo:

“Nuri, bana fa sai haƙuri. Ko sisi ba na son taɓawa, duk na gidanku ne. Mu je dam ɗin Tagwai mu zauna bakin ruwa. Ke ki zo da abinci, ni in zo da mashin da mai.”

Wallahi daɗi na ji. Na ce ga namiji mai tunani, ya fifita aure a kan burga. Na nuna wa ƙawata Phoebe, wadda muke sayen fulawa tare a Kasuwar Kure, ta kalli wayar ta kalle ni.

“Nuriyya, wannan saurayi naka, hannunsa akwai gam,” in ji ta da 'yar gurguwar Hausarta. “Kai ne abinci, shi ne mai. Man ma rabin lita.”

Na ce mata soyayya ba a kasuwa ake auna ta ba. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a. So hana ganin laifi, yanzu na san gaskiyar wannan magana.

Ranar Juma'a da hantsi wani saƙon ya biyo:

“Hajiya ba ta jin daɗi, kwana biyu ba ta iya cin komai. Ɗazu take cewa wainarki take marmari da farfesun kaza. In ba takura, ki haɗa da nata gobe.”

Hajiya Larai ita ce mahaifiyarsa. Sau uku na taɓa zuwa gaishe ta a Bosso, kuma tana ji da ni. Uwar miji ta yi marmarin girkinki tun kafin ki shiga gidan, akwai abin da ya fi wannan? Ba ni da kuɗin kaza, amma ina da kazata, wata jar dakwalwa da nake kiwo a bayan madafa tun tana tsako, na ajiye ta don Sallah. Na kama ta na kai wa Baba na gaya masa dalili. Da hannunsa ya yanka, ya ce Allah ya ba Hajiya lafiya, ya kuma ce na kyauta.

Na jiƙa shinkafa, na kai niƙa, ƙullu ya kwana ya tashi. Da asuba na ɗora tanda. Waina ta fito fara ƙal, gefenta ja, irin wadda in kin latsa take dawowa. Farfesun kuwa har maƙwabta sai da suka leƙo ta katanga. Cinyoyi da ƙirji da ƙundu duk na zuba wa Hajiya. Mu na bar mana fukafukai da wuya da ƙafafu, na yi mana 'yar dafa-duka a kai. Na ɗauko babbar kulata mai hawa uku, wadda na saya na ɓoye cikin kayan ɗakina, ko sau ɗaya ba a taɓa zuba abinci a ciki ba. A gindinta na rubuta sunana da jan farce, kamar yadda muke yi don kada kwano ya ɓace a gidan biki.

Ƙarfe sha ɗaya ya iso, cikin farar shadda tana ta maiƙo, ƙamshinsa ya riga shi shigowa layi.

“Duk kai wa Hajiya abinci ne da wannan ado?” na tambaye shi.

“Ɗaurin auren abokina zan wuce in na sauke mata.”

“Bari in ɗauko hijabi in bi ka in duba ta.”

“A'a, barci take. Likita ya ce a bar ta ta huta. Zan gaya mata kin so zuwa.”

Ya ɗaure kular a bayan mashin ya tafi, ni kuma na tsaya ina masa addu'ar sauka lafiya.

Bayan azahar na sa jar atamfata mai zanen ganye, na ɗaura ɗankwali, na zira ɗan janbaki, sannan na lulluɓe komai da dogon hijabi ruwan toka. Na ce wa Mama zan je Tunga taya Phoebe aikin kek. Ƙarya ce, kuma ban ji daɗin yin ta ba, amma na yi. A jakata akwai walat ɗin fata da na zaɓo masa a gwanjo, na goge shi da mai har ya koma sabo, na naɗe a takarda mai ƙyalli. A bakin titi ya ɗauke ni, kulata na ɗaure a baya cikin leda.

“Hajiya ta gode ƙwarai,” ya ce. “Tas ta cinye.”

Tagwai ba laifi ranar. Ruwa kwance, masunta biyu a kwale-kwale suna jan koma, can gefe wasu ɗalibai suna ta ɗaukar hoto. Muka shimfiɗa darduma a ƙarƙashin wata bishiya. Ya ciro lemo kwalba biyu, sannan ya miƙo min furen roba guda ɗaya, takardar farashi ma ba a ɓare ba.

“Wannan somin-taɓi ne,” ya ce. “In mun yi aure, Dubai za mu yi irin wannan ranar.”

Na karɓa na sunsuna kamar mai ƙamshi, har da cewa ya yi kyau. Na zuba masa dafa-duka na ɗora masa fukafukan duka biyu, ya yi cokali uku ya ture, wai ya ƙoshi a wurin ɗaurin aure. Raina ya ɗan sosu amma na haɗiye.

Da la'asar ta yi ya sauka wajen masuntan nan don ya yi alwala su yi jam'i. Ni kuma na ce bari in tattara kwanukanmu in zuba cikin babbar kula, kaya su ragu. Ina ɗaga ta na ji wani abu ya yi ƙara a ciki.

Na buɗe. An wanke ta fes, an goge. A hawan ƙasa ga wata 'yar baƙar leda, cikinta kwalbar turare da ɗan kunne mai dutse shuɗi. Murmushi na yi. Kun san dai mace mai tarbiyya ba ta mayar da kwano haka nan, sai ta sa tukwici komai ƙanƙantarsa. Na ce Allah sarki Hajiya, tana kwance ma ba ta manta ba. Sai na ga takarda a ninke a ƙasan ledar, ni kuma na san Hajiya ba ta rubutun boko. Ga abin da ke ciki, na haddace shi kamar karatun allo:

“Ƙanwata Nuriyya, na ga sunanki a gindin kula, Yayanki ya ce ke ce autarsu, ke kika dafa min. Ban taɓa cin waina irin taki ba. Agogon da ya kawo min ma ya ce ke kika taya shi zaɓe, ya yi min kyau sosai. Ga wannan ba yawa. In na shigo gidan sai kin koya min farfesun nan. Taki, Sa'adiya.”

Har da lambar waya a ƙasa, da ɗan zanen zuciya.

Jama'a, ban yi kuka ba. Kazata. Tashin asubana. Cinyoyin da na hana kaina. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ita agogo da cinya, ni furen roba da wuya. Kuma abin da ya fi ci min rai, wai ƙanwa. Shekara biyu ina jiran a kira ni amarya, ashe a wani gidan auta nake.

Shi kuwa wawan, da yake namiji ne, bai san ana buɗe kula in an dawo da ita ba. A wurinsa kwano in an cinye abinci ya zama fanko. Da hannunsa ya ɗauko asirinsa, ya ɗaure a mashin, ya kawo min har bakin ruwa.

Na hango shi can yana sujada, farar shaddar nan na ɗaukar ido. Zuciyata ta ce in jira shi in watsa masa ragowar lemon a fuska. Wata zuciyar ta ce, in kin yi haka, wanki kawai kika ja masa. Na mayar da komai yadda yake, na rufe kula, na gyara zaman hijabina.

Ya dawo yana shafa addu'a.

“Allah ya karɓa,” na ce. “Ni kam Hajiya ta tsaya min a rai. Da gaske ta ci?”

“Har da ƙari. Zufa ta yi ta karyo mata, nan take ta ji ƙarfi.”

“Cinyar ta fi so ko ƙirjin?”

“Cinyar. Ta ce a gidanku aka iya kiwon kaza.”

“Ba ta ba ka saƙo ba?”

“Albarka dai ta yi ta sa miki.”

Ko ƙifta ido bai yi ba. Na kalli bakin nan da na shekara biyu ina gaskatawa, na ji duk son da nake masa ya zube kamar an kifar da tulu.

“To ni ina tawa kyautar?” ya ce yana murmushi.

“Na manto ta a gida.” Tana cikin jakata a kan cinyata, kuma ko yau ɗin nan gara in ba mai gadin kasuwa.

Na ce kaina na ciwo, mu tafi. Ya sauke ni a Tunga don a zatonsa wajen Phoebe zan shiga. Yana karya kwana na tare keke, na rungume kulata, na ce Bosso.

Tun daga ƙofar gida na jiyo ƙamshin ƙuli-ƙuli. Ga majinyaciyar da likita ya ce ta huta, zaune a tsakar gida gaban kasko, ta ɗaure ɗankwali tamau, tana matsar tunkuza da ƙarfinta, tana faɗa da akuya.

“A'a, Nuriyya ce? Maraba da 'yata. Shigo, shigo.”

Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, sannan na ce, “Hajiya, ya ƙarfin jiki?”

“Jikin wa?”

“Naki. Taufiq ya ce kwana biyu kina kwance, ba kya iya cin abinci.”

Ta tsaya da hannu cikin tunkuza. “Ni? Yau da safe ma tuwo na ɗumama na ci malmala biyu.”

“To ni dai godiya na zo yi. Na aiko miki da waina da farfesu, na ga tukwici a cikin kula. Aka ce yaba kyauta tukwici, shi kuma tukwici ai sai da godiya.”

Na buɗe kular a gabanta, na jera turaren da ɗan kunnen a kan tabarma. Na warware takardar na karanta mata a hankali, kalma bayan kalma, ban tsallake ko wasali ba. Da na zo wurin auta sai da na maimaita.

Hajiya ta juya ga kasko, ƙulin da ke ciki ya fara ƙonewa. Ta sauke shi, ta goge hannu a zani.

“Ni ya kwantar?” ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. “Da bakinsa ya ɗora min ciwo don ya ciyar da wata?”

“Haka ya rubuto min, Hajiya. Ga saƙon nan.”

“Kuma yana ce miki me game da turowa?”

“Kuɗin gaisuwa yake haɗawa.”

“Tun watan Rajab na kwashi adashina na damƙa masa. Kullum sai ya ce min babanki ne ya ce a dakata.” Ta nuna takardar da haɓa. “Kira min yarinyar.”

Na danna lambar na buɗe murya yadda kowa zai ji. Bugu biyu aka ɗauka. Na ce Nuriyya ce.

“Autarmu,” in ji wata siririyar murya cike da fara'a. “Kin ga saƙona? Ɗan kunnen ya yi miki?”

Hajiya ta karɓi wayar. “Yarinya, ni ce na haifi Taufiq. Ba shi da ƙanwa, shi ne autana. Wadda ta dafa abincin da kika ci, ita muka sani shekara biyu, ita kuma muke shirin nema masa. Ban san me ya gaya miki ba, amma ki gaya wa iyayenki abin da na ce.”

Sai wani ɗan sauti kamar an shaƙe mutum, sannan layin ya katse. Ba zan ɓoye muku ba, ta ɗan ba ni tausayi, don ba ta yi min komai ba sai alheri. Amma daɗin da na ji ya fi tausayin yawa. Rana dubu ta ɓarawo, yau ta mai kaya ce.

Sai dai Hajiya ta yi abin da ban shirya masa ba. Nan take ta ɗauko tata wayar ta kira ƙaninta, Kawu Mika'ilu, ta ce gobe-goben nan ya nemi mutum biyu su je gidan Malam Dabo da goro, ita za ta san inda ta samo kuɗin, yaron nan ba zai zubar mata da mutunci ba. Ta juyo ta dafa kafaɗata.

“Share hawayenki, 'yata. Ko yana so ko ba ya so, ke ce matarsa.”

Babu hawaye a idona, kuma ba ta tambaye ni ko har yanzu ina so ba. Na yi godiya na tashi. Abin da na yi wata guda ina roƙo a kan sallaya, ga shi an miƙo min a ranar da ko kyauta ba na son sa.

Ina cikin keke kiransa ya fara shigowa. Sau tara. Sai saƙo: “Nuri ki tsaya in miki bayani, wallahi kwastoma ce kawai.” Na ba shi amsa guda ɗaya: “Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya.” Na kashe wayar.

Ana idar da magariba Baba ya aiko Mama ta kira ni. Yana zaune a zaure kan buzunsa, carbi a hannu, fuskarsa a sake irin yadda na daɗe ban gani ba.

“Alhaji Mika'ilu ya kira ni,” ya ce. “Suna son zuwa gobe bayan la'asar. Na ce zan ji ta bakinki tukuna. In ce su zo?”

Nan fa ake yin ta. In na ce e na yi shiru, na fita kunyar Baba, amma na ɗaura wa kaina maƙaryaci har abada. In na ce a'a, sai na faɗi dalili, dalilin kuma yana bakin dam, inda na je da jar atamfa a bayan mashin ɗin saurayi, alhali Mama na zaton ina Tunga ina kwaɓa fulawa. A duniya ba abin da nake tsoro kamar Baba ya kalle ni ya ce na yi masa ƙarya.

Na sunkuyar da kai na faɗa masa komai. Ranar masoya, Tagwai, ƙaryar da na yi wa Mama, ciwon da babu shi, kula, takarda, har zuwana Bosso. Ban rage komai ba. Mama daga bakin ƙofa sai salati take.

Baba bai katse ni ba. Da na gama ya ajiye carbin, ya miƙo hannu.

“Ba ni takardar.”

Ya sa tabarau, ya karanta a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ya sake karantawa. Ya ninke ta gida huɗu ya sa a aljihun gaba.

“Kina son sa har yanzu?”

“Ko shi kaɗai ya rage a Minna, Baba, ba na so.”

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki wayarsa ya danna. Na ɗauka cewa zai yi kada su wahalar da kansu.

“Salamu alaikum, Alhaji Mika'ilu. Allah ya kai mu goben, ƙarfe huɗu da rabi. Sai dai ku taho min da yaron.” Ya saurara kaɗan. “Na sani, ba a zuwa da mai neman aure. Wannan karon a zo da shi. Akwai wata 'yar takarda da nake so ya karanta mana da bakinsa a gaban manyansa.”

Ya kashe wayar, ya ce wa Mama a fito da sabuwar darduma, a kuma sanar da liman da mai unguwa yana son su halarta. Sannan ya juyo gare ni, fuskar nan ta koma yadda na san ta.

“Ke kuma, maganar Tagwai tana nan. Sai baƙi sun tafi.”

Na ce to, Baba. Na san nawa hukuncin na tafe, kuma na cancance shi, ba zan yi gardama ba. Amma tunda uwata ta haife ni ban taɓa share zaure da daɗin rai irin na yau ba. Sau biyu na share shi, na yayyafa ruwa, na sa turaren wuta, na kuma ajiye wa Taufiq tabarmarsa daban, daidai tsakiya, inda kowa zai ga fuskarsa.